Baba Tanimu kafinta, limamin masu jiran biya

Ina ɗaga ƙofar shago da safen nan aka kira ni, wai Baba Tanimu kafinta na unguwar Magajiya ya rasu bayan asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu na kasa taɓa aikin komai.

A kan benci muka san juna, a ofishin wani babban kamfanin gine-gine a Abuja. Shi ya yi musu ƙofofi, ni na buga musu allunan talla. Wata bakwai ba ko sisi. Kullum oga bai sa hannu ba, mu dawo mako mai zuwa.

Ni kuwa bashi na ɗauko injin bugawa. Mai shi ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ko in cika masa ko ya turo mota a ɗauke. Da injin nan kaɗai nake ci da iyalina.

Ranar da na fara zazzaga wa akawu masifa, Baba ya riƙe min hannu.

"Zauna, ɗana. In ka ɗaga murya sikiriti za su kira maka, ka ba su hujja a banza."

Shi tasa dabarar daban ce. Motar farko yake shiga daga Suleja, ya zauna da carbinsa har a tashi, yana gaisawa da kowa har mai shara. Wata rana azahar ta yi, ma'aikata suka duba babu wanda ya kai shi furfura, suka tura shi gaba. Haka ya zama limamin kamfanin da ya riƙe masa kuɗi.

Ana sallamewa sai ya juyo cikin ladabi: "Jama'a, akwai bayin Allah a benci da aka riƙe wa haƙƙi. A sa su a addu'a, Allah ya tausasa zuciyar wanda takardunsu ke hannunsa."

Bai taɓa kama suna ba. Manajan kuɗi yana sahun gaba, hannu a sama, kuma dole ya ce amin tare da direbobinsa. Wallahi sai na cije leɓe don kar in yi dariya nake iya shafa addu'ar.

Mako biyu ana haka manajan ya kira shi ciki. "Baba, yau za a tura naka. Don Allah a bar addu'ar nan haka."

"Ranka ya daɗe, ai mu shida ne a bencin. Har da Madam Ngozi mai kawo muku abinci. Ba ta bin sahunmu, amma tana cikin addu'ar."

Ya fito ya koma mazauninsa, alhali na san babur ɗinsa ya sayar ya sallami mai katako.

Kwana huɗu bayan nan, muna cikin mota a Zuba, wayata ta yi ƙara, tasa ma ta yi. Dukkanmu shida an biya mu cif, saura kwana uku wa'adina ya cika. Ni ƙato da gemu na fashe da kuka a gaban fasinjoji, Baba yana ta yi min dariya.

Juma'ar da ta wuce ya biyo shagona, yana son ɗan allo na ƙofar shagonsa. Na rantse ba zan karɓi kuɗinsa ba. Ya cusa min a aljihu.

"Ni ba kamfani ba ne. Karɓi abinka tun kafin ka fara."

Allon yana nan jingine da bango, jiya na gama shi.

Allah ya jiƙan Baba Tanimu, ya yafe masa, ya saka masa da Aljanna, ya tsaya wa iyalinsa kamar yadda ya tsaya mana. Jana'iza ƙarfe sha ɗaya a ƙofar gidansa. Wanda ba zai samu zuwa ba, don Allah ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.