Tsakin da Ya Cika Ashirin

Hansai 'yar kawuna ce, ni kuma ɗan gwaggonta. Taubasai ne mu, don haka duk abin da na rubuta a kanta a nan ba ta da inda za ta kai ƙara. Tare muka taso a Tasawa. Ta girme ni da wata bakwai, kuma har yau da watannin nan bakwai take mulkina. Ni na bar lakkol a aji biyar, ita ko ƙofar ba ta leƙa ba, amma shekara goma sha ɗaya ke nan kullum tana jami'a. Na sha gaya mata da ana ba da digiri a kan ɗaukar kujera, da tuni ta zama farfesa.

Wata babbar jami'ar mata ce a nan Riyad. Girmanta, in kika tashi daga ƙofar gabas kina budurwa, da jika za ki isa ta yamma. Ban taɓa shiga ba, namiji iyakarsa bakin ƙofa. Ni ke jan bas ɗin ma'aikata, in kwaso su daga unguwar Nasim da safe, in mayar da su bayan la'asar. Hansai a bayana take zama, ta cire takalmi, ta riƙa matsa gwiwa. Duk abin da na sani na cikin jami'ar ta ƙeyata ya shigo.

Kullum in ta hau sai in ce, "Hajiya Farfesa, ina gajiya?"

Ta ce, "Ba gajiya. Ja mota, ɗan banza."

Farkon kowace shekarar karatu akwai mako guda da ƙungiyoyin ɗalibai ke baje tebura a babban zaure suna farautar sababbin shiga. Nadi suke ce wa ƙungiya. Shekarar da Hansai ta fara aiki nadi tara ne. Bana arba'in da uku. Akwai na masu zane, na masu son kyanwa, na masu shan gahawa, da na waɗanda suka ɓalle daga masu shan gahawa saboda an yi musu a kan kofi. Kowane nadi tebur ɗaya, kujera huɗu, da allon talla, kuma babu ɗaya daga cikin kayan nan da ke tafiya da ƙafarsa. In 'yan mata biyu suka yi faɗa a jami'ar nan, ƙugun Hansai ne ke jin jiki, don kowacce sai ta buɗe nata nadin.

Amma ba ƙugun ne ya fi damunta ba. Bakinta ne. Larabcinta bai wuce yalla, halas, da ɗauki wannan ki kai can ba. Abokan aikinta 'yan Filifin ne da 'yan Bangaladash. Daga safe har la'asar ba ta furta kalmar Hausa ko ɗaya, sai in da tsintsiya. Ta ce wani lokaci takan nemi sunan abu a kanta ta rasa, kamar an share wurin.

Sai ga Kamila, wata 'yar Kano da ta zo karatu. Ta ga Hansai da tebur a ka, ta ce, "Sannu da aiki, Inna." Hansai ta ce da ƙyar ta riƙe teburin.

Kamila ta gani a waya yadda 'yan matan jami'o'in Amurka ke kafa ƙungiyoyi, suna kiran juna 'yan'uwa, suna sa musu suna da baƙaƙen Girka, su Alfa su wane. Da Hansai ta ba ni labari na ce Alfa ai malami ne a ƙasar Zabarmawa, yaushe ya tafi Amurka? Ba ta yi dariya ba. Kamila na son nadin 'yan mata Hausawa, da ɗakinsu, inda za a zauna a yi hira da harshen gida. Ofis ya ce ta kawo sunayen ɗalibai ashirin da sa hannunsu kafin azahar ɗin Alhamis, in ba haka ba sai baɗi. Ta tattara 'yan Najeriya da 'yan Nijar da wata 'yar Ghana, suka tsaya a sha ɗaya.

"Saura tara," in ji Hansai. "Kuma suna nan, Salissou. Haifaffun nan ne, kakanninsu suka zo hajji suka zauna. Larabci zalla a baki. Ba su rubuta Hausa a goshi ba, ba su kuma son a rubuta musu."

"To ta yaya za ki gane su cikin baƙar abaya dubu arba'in?"

"Tsaki."

Na kalle ta ta madubi.

Ta ce, "Balarabiya in ranta ya ɓaci uf take cewa. Tsaki mai tsawo, wanda ake jawowa daga dasashi, a gida ake koyonsa. Yarinya ta iya mance sannu, ba ta mance tsakin uwarta."

Daga Lahadi ta fara. Sai ta jiƙa matakalar da kowa ke bi, ta kafa allon nan mai ruwan ɗorawa da ke hana wucewa, ta koma gefe da bokiti ta kasa kunne. Ɗari su ce uf su juya. Ɗaya ta ja tsaki. Sai Hansai ta matsa kusa, ta ce a hankali, "'Yar wa ce ke?" Yarinya ta ce ba ta gane ba, da Larabci, amma idon ya riga ya amsa. Matakalar nan ta sha wanki a makon nan har ta rage tsawo. Zuwa Laraba Hansai ta kai wa Kamila takwas. Ran nan da ta zo hawa bas sai da na jawo ta da hannu, gwiwar ta kumbura kamar an ɓoye kwakwa a ciki.

Na ce, "Ke da ba ɗaliba ba, me za su ba ki?"

"Wurin da zan buɗe baki."

Saura ɗaya, kuma Hansai ta san ta tun bara. Shugabar nadin masu gahawa ce, mai tsabar iyayi, sunanta a takarda Hiba. Sau biyu Kamila ta je mata, sau biyu ta ce an yi kuskure. Safiyar Alhamis Hansai ta shiga sito ta zaɓo mata tebur mai gajeriyar ƙafa, wanda aka jingine tun shekarar korona. Yarinya ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera kofuna, ta ɗora butar gahawa, ta dafa gefe. Komai ya gangaro.

Tsakin da ta ja, ni ina bakin ƙofar gabas na ji shi, na ɗauka tayata ce ta sace. Mutum goma sha tara suka waiwaya a tare.

Hansai ta durƙusa tana goge gahawar, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Wannan tsakin na Damagaram ne. Uwa ko kaka?"

Yarinyar ta ɗauki kofi ɗaya daga ƙasa. Can ta ce, "Kaka." Ita ta raine ta a Makka, ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiranta Biba. Ta sa hannu ana kiran azahar.

Nadi ya zama arba'in da huɗu. Ranar taron farko Hansai ta hau da kujera ashirin bene na biyu, ta saka turaren wuta a gyalenta, ta tsaya bakin ƙofa. Ba a ƙidaya kujerarta ba, ai sunanta ba ya cikin takarda. Kamila ta buɗe taro da Hausa, jimla uku. Haifaffun nan ba su gane ko ɗaya ba. Don kada a bar su a baya sai aka koma Larabci, kuma ba a dawo ba. Awa guda da rabi Hansai na tsaye, abin da ta tsinta yalla ne da halas. Suka rungumi juna suka watse, suka bar mata kujera ashirin.

Tana harhaɗawa sai ga Biba ta dawo. Ta tsaya tana motsa leɓe kamar mai tilawa, sannan ta fitar da abin da ta haddace.

"Inna, ina gajiya?"

Hansai ta ce, "Akwai."

Yarinya ta rikice, don an koya mata amsa ɗaya ce tak.

"Zauna in gaya miki inda take."

Suka zauna a kujerun nadi. Hansai ta fara daga gwiwa, ta hau ƙugu, ta zaga kafaɗa, ta gangara har Tasawa. Biba na gane kalma ɗaya cikin goma, tana gyaɗa kai a sauran taran. Ni kuwa ina waje da mata talatin a bas, na yi hon har batir ya fara kuka.

Da ta hau na ce, "Hajiya Farfesa, ina gajiya?"

"Na riga na ba wata amsa. Ja mota."

Ta cire takalmi. Ta ce Kamila da wata 'yar Maraɗi sun fara musu a kan sunan nadin, kowacce da mutanenta.

Na ce, "Arba'in da biyar ke nan."

Ta ja tsaki, gajere, don na dogon babu ƙarfi. Kafin mu hau babban titi ta yi barci.