Baturiyar da ta kai mu bakin rafi

Shekarun baya, da na sayi motata ta farko, na kamu da ciwon sabon mai mota: duk abin da ake liƙawa a jikin gilashi sai na saya. A haka na ƙwallafa rai a kan na'urar nuna hanya, GPS ɗin nan. Taswirar waya kyauta ce, amma wanda ya san dajin Birnin Gwari ya san da ka nitsa ciki sabis sai dai ka ji labarinsa. Sabuwar na'ura kuma ta fi ƙarfin aljihuna. Sai abokina ya ja ni wurin wani mai kayan gwanjo a Kaduna.

Mutumin ya goge wata tsohuwa da hannun riga, ya ce, "Alhaji, wannan ko ramin ɓera ne a Najeriya ta san shi." Na tambayi ta yaushe ce taswirar da ke ciki. Abokina ya ce, "Kai ka cika bin ƙwaƙƙwafi. Hanya tashi take ta sake wuri?" Na biya, na fito ina murna, wai ni na cuci mai kaya.

Ba a yi wata ba, tsakiyar damina, aka aiko cewa yayar mahaifiyata tana kwance rai a hannun Allah a ƙauyensu, gaba da Dogon Dawa, kuma ƙanwarta take ta kira. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Gari na wayewa na ɗauki mahaifiyata muka kama hanya.

Direbobin hanyar nan suna da ƙa'ida. Ba mai shiga daji sai ya tsaya a tasha ya tambayi waɗanda suka fito: ina aka tare jiya, wace gada ruwa ya ci, wace hanya aka daina bi. Ni kuwa ɗan fari ne, mahaifiyata ba ta yi mini magana kai tsaye. Da muka zo tasha sai ta dubi taga ta ce, "Da dai mai motar zai tsaya a tambayi hanya." Wallahi na ji ta sarai. Na yi kamar da tagar take, don ina ganin mai na'ura ya wuce tambayar 'yan kamasho.

Kafin mu kai garin Birnin Gwari, Baturiyar da ke magana a cikin na'urar ta ce in karya dama, yanke ne. Na karya. Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta ƙare, ciyawa ta fara shafar ƙofofin mota. Muka ratsa wani ƙauye ba kowa, rufin ɗakuna duk ya rufta, ko kaza babu. Mahaifiyata ta fara salati a hankali. Muka iso bakin rafi, gada babu sai ginshiƙai biyu a tsaye cikin ruwa, 'yar banzar nan kuma tana ta cewa in miƙe. In miƙe ina? Garin juyawa taya ta nutse a laka.

Mun fi awa biyu a wurin kafin wani dattijo makiyayi ya ɓullo da shanunsa. Da na hango sanda a kafaɗarsa na zaci bindiga ce. Ya ce, "Kai ɗan birni, wa ya turo ka nan? Gadar nan ta daɗe da tafiya, mutanen garin ma sun tashi. Ka fita tun masu dajin ba su ji kukan motarka ba." Shi ya saro rassa muka cusa ƙarƙashin taya. Kunya ta hana ni gaya masa wanda ya turo ni.

Muka koma titi, na tsaya na yi tambayar da na ƙi yi da safe, na bi bayan wata motar haya. Muna shiga ƙauyen su mahaifiyata gab da magariba muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta. Ashe tun bayan azahar yayar mahaifiyata ta cika.

Na koma wa mai gwanjon ina huci, ya ce kayan gwanjo ba a mayarwa. Abokina kuma ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Wannan ta fi ƙona mini rai. Mutuwa ƙaddara ce, na yarda, amma ƙaddara ba ta sayar wa kowa tsohuwar taswira ba, kuma ba ita ta toshe mini kunne a tasha ba. Har yau in na ga mutum ya miƙa wa na'ura wuya a hanyar da mutane ke raye suna iya gaya masa gaskiya, sai in ji zuciyata tana tafasa, kuma rabin fushin da kaina nake.

Mahaifiyata ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sai bayan shekara 'yar marigayiyar ta gaya mini cewa wasiyya ɗaya uwarta ta bari, tun tana da lafiya: ƙanwarta ce za ta yi mata wanka. Mahaifiyata ta san da haka duk awannin da muka yi a bakin rafi. Maƙwabciya ce ta wanke ta.