Moɗar da Na Wanke Bayan Gwaggo

Shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, yayar mahaifina, wadda ta rene ni a Mabai bayan mahaifiyata ta rasu ina goye. Ta cika ana saura kwana tara azumi, gero ya fara ɗaukar ciki. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan soya waina in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in yi shiru. Bana 'yata Hadiza ta matsa mani, wai kullum bakina Gwaggo, Gwaggo, in rubuta mana kowa ya san ta. To ga shi na rubuta, amma ba duka ba, kuma za ku ga dalili.

A garinmu idan aka ce a kira mai wanka, ba a ƙarawa da suna. Gwaggo ce ke yi wa jariri wankan farko, ita ke dafa wa mai jego ruwa har kwana arba'in, ita ke cuɗa amarya, kuma ita ke wanke mace idan ta rasu. Ɗan aike yakan tsaya a zaure ya ce ana son Gwaggo ta zo wanka, ba ya faɗin wanne, ita ma ba ta tambaya. Leƙowa take yi ta dubi fuskarsa. In yana fara'a ta ɗauki sabulun salo da soso, in idonsa na ƙasa ta koma ɗaki ta ɗauko ƙullin garin magarya da kafur. Da ƙafa take zuwa ƙauyen Ketare. Da babura suka yawaita har Yankara da Sabuwa ana ɗaukarta, tana zaune a karkace, ta rungume ƙwaryarta, tana yi wa mai babur faɗa tun daga ƙofar gida har inda za su.

Mace ce mai surutu da tsokana, ba wanda ya tsira daga bakinta, har liman. Amma a kan aikinta ba ka jin ko uffan. Mata sukan tare ta a bakin rijiya su ce, "Gwaggo, wai da gaske ne an ga tabon duka jikin wance?" Sai ta ci gaba da jan gugarta ta ce, "Na iske ta da tsabta, na baro ta da tsabta." Amsar ke nan kullum, ko matar sarkin noma ce ko matar da ba ta da zanen kirki. Har matan ƙauyukan da ba su daɗe da musulunta ba ita suke bar wa wasiyya, don sun san abin da ta gani ba zai biyo su kushewa ba.

Ni sunan mahaifiyarta aka sa mani, don haka ba ta taɓa kirana Binta ba. Uwata take ce mani, tun ina rarrafe har na yi aure.

Na tashi a daidai lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa, ana neman malaman firamare ido rufe. Na je kwalejin horon malamai na dawo da takarda da albashi da girman kai. Kasuwar Ƙanƙara ta cika da langa da bokitin roba da sabulu mai ƙamshi a naɗe cikin takarda. Samari sun tafi Kaduna da Legas sun dawo da rediyo a kafaɗa. Ni kuma na dawo da ƙwayoyin cuta a baki, don an koya mana su a aji, kuma gani nake duk Mabai ni kaɗai na san akwai su. Na raina toka da ake wanke-wanke da ita, na raina sabulun salo, na ce warin hayaƙi yake yi.

Wata rana da azahar Gwaggo ta dawo daga wankan wata tsohuwa a bayan gari. Rana ta dake ta. Ta nufi randar tsakar gida, ta ɗauki moɗar da kowa ke sha da ita, ta sha ta mayar. Tana juya baya na ɗauke moɗar da yatsu biyu, na kai ta bakin magudana, na cuɗe ta da sabuluna na kanti har sau uku. Ina ɗagowa na gan ta tsaye a ƙofar ɗakinta tana kallona. Sai ta juya ta shige ɗaki. Washegari na ga ta kafa ƙusa a jikin bangon ɗakinta ta rataye wata 'yar moɗa ta daban. Tun daga ranar ba ta ƙara sha da ta gida ba. A lokacin har daɗi na ji, na ce tsohuwa ta fara wayewa. Wannan jin daɗin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Na yi aure a Faskari, ina koyarwa a can. Da cikina na fari ya tsufa aka mai da ni gida goyon ciki, kuma hannun da na ƙyamata shi ya karɓi 'yata. Kwana arba'in Gwaggo tana tashi ta hura wuta ƙarƙashin rabin durom, ta tsoma damin ganyen runhu a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mani, safe da yamma. Ina ihu ina ce mata malamar asibiti ta hana ruwa mai zafi haka. Sai ta ce, "Malamar asibitin ɗiya nawa gare ta?" Amma na lura tana sirka ruwan a ɓoye idan ta ga ban kallo, kuma ta rage kanwa a kunu. Ba ta taɓa yarda ta yi hakan ba.

A cikin kwanakin nan ne, wata safiya tana yi wa jaririyar wanka a kan ƙafafunta, ta kira ni.

"Uwata, matso ki gani. Haka ake juya mutum. Ki tallabi kai, ki fara da dama, kada ki yaye zane gaba ɗaya. Ƙarami da babba duk ɗaya ne, mai rai da wanda ya riga mu. Ba su iya ce maki kin ji masu ciwo, ke za ki sani da kanki."

Na ce, "Gwaggo, ana maganar jariri mi ya kawo wannan?"

Ta ce, "Ni na kawo ta. In na cika, ke nike so ki wanke ni."

Na yi dariyar tsoro na ce ai ga Inna Kande, maƙwabciyarmu, wadda takan riƙa mata ruwa wani lokaci.

"Kande hannunta na da kyau, bakinta ne ba ya da murfi. Akwai abin da na ɓoye ma duniya jikin ga, shekara da shekaru. Na rufe na matan garin ga kaf, ba ni son nawa ya kwana bakin rijiya. Uwata ta yi mani wankan farko, Uwata nike so ta yi mani na ƙarshe."

Na karɓi 'yata na ce tana jin yunwa. Sauran kwanakin jegon, duk safiya sai ta maimaita mani karatun a jikin jaririya, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, yadda ake alwala, inda kafur ke shiga, yadda ake tsefe kai a kama shi gida uku. Ina yi kamar ban ji, amma kunne ya riga ya ɗauka. Sau biyu ta ce in raka ta wanka in gani da idona, sau biyu na ce kaina na ciwo. Na koma Faskari ba tare da na ba ta amsa ba.

Damina ta gaba, ina cikin aji da hantsi, wani mai babur ya tsaya a ƙofar makaranta. Na leƙa na ga idonsa na ƙasa, kuma ban tambaye shi komai ba. An kwana ana ruwa, hanya ta jiƙe, rafi ya kawo, sai da muka jira ya janye. Duk tsawon hanyar zuciyata biyu ce, kuma gara in faɗi gaskiya tunda na tsufa: rabi na addu'ar in iske ba a taɓa ta ba, rabi na fatan in iske an gama.

Mun isa bayan azahar. Maza sun cika ƙofar gida, an haƙa kabari tun safe, hadari na sake haɗowa. Kowa ya san ba a ajiye gawa haka. Na ji liman yana ce wa mahaifina, "Malam, a bari Kande ta yi, lokaci na tahiya." Baba, mutumin da bai taɓa musu da liman ba, yana zaune ya dafa gwiwa ya ce, "Ta bar wasiyya. A ƙara haƙuri kaɗan." Da ya gan ni sai ya matsa ya ba ni hanya.

A cikin gida Inna Kande ta riga ta ɗaura zane a ƙirji, ruwa ya yi ɗumi, an kewaye bayan ɗaki da zana. Ta ce, "Malama, in ba ki iyawa ba laifi ba ne, ku 'yan boko ba ku saba ba." Ba da mugunta ta faɗa ba. Sai idona ya faɗa kan 'yar moɗar nan rataye a ƙusa. Na tuɓe takalmi na ce, "Inna, ki tsaya bayan zana ki riƙa miƙo mani ruwa. Ni zan shiga."

Na shiga ni kaɗai. Na tallabi kanta, na fara da dama, ban yaye zane gaba ɗaya ba. Tsoron ya tafi tun a ƙwarya ta biyu, saura kuka, shi ma na danne shi don kada hawaye ya ɗiga mata. Ba ta da nauyi ko kaɗan, matar da ta goya ni. Na ga abin da ta ce zan gani, na gane abubuwa da yawa game da zamanta a duniya, na rufe. Na kama mata kai gida uku, na sa kafur a ruwan ƙarshe, sannan na kira mata muka sa ta a likkafani.

Da maza suka ɗauke ta na zauna a tsakar gida, hannuna na ƙamshin magarya, maƙogwarona ya bushe. Matar ƙanena ta ɗebo mani ruwa a kofin roba. Na sha na miƙa mata. Yarinya ce mai ladabi, ta karɓa da hannu biyu, amma na bi ta da ido na ga ta kai kofin bakin magudana ta ajiye shi gefe guda, ta ɗora sabulu a kai. A nan kukan da na danne ya ƙwace. Mata suka yi ta ba ni haƙuri a kan rashin Gwaggo, ba su san abin da nake yi wa kuka ya girmi ranar ba. Ban taɓa ce mata ta yafe mani ba, ita kuma ba ta taɓa nuna akwai abin yafewa ba. Na tashi na cire moɗarta daga ƙusa na sa a jakata.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce in ta ga yau. Safar hannu da muke sawa yanzu, na san sai ta yi mana dariya ta ce mun mai da mamaci ɗanyen kifi, sannan ta sa a ɓoye kamar yadda ta sirka ruwan jego. Abin da ba za ta yafe ba shi ne waya. Na ga an ɗauki hoton mace kwance kafin a rufe mata fuska, kafin la'asar ya kai Kano. Da Gwaggo na nan da mai wayar ya sha zagin da jikokinsa za su ba da labari. Hanyoyin da take bi kuwa, daga Yankara zuwa Sabuwa, yanzu ba mai ɗaukar tsohuwa a babur ya bi su hankali kwance. A 'yan shekarun nan na wanke matan da suka baro ƙauyukansu da zanen jikinsu kawai, wasu ko sunansu ban sani ba sai a wurin addu'a. Ina jin da ta gan su ba za ta yi dogon jawabi ba, ruwa za ta ɗora.

Kun dai gane cewa aikin ya dawo hannuna. Ban neme shi ba. Wata uku bayan rasuwarta aka yi rashi a unguwarmu a Faskari, wata ta ce ai Malama ta iya, shi ke nan. Na yi ritaya daga koyarwa, wannan kuwa ba a ritaya. Gwaggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba, ko hotonta babu. Abin da ta bari shi ne mata da yawa da suka shiga ƙasa asirinsu a rufe, da 'yar moɗa da aka ɗinke mani sau biyu, wadda ba na sha da ita sai na dawo daga wanka.

Hadiza, jaririyar da aka koya mani aikin a jikinta, sunan Gwaggo gare ta, kuma yanzu babbar malamar jinya ce mai wanke hannu sau ashirin a wuni. Makon jiya na dawo daga wanka a wata unguwa da azahar, na iske ta zo gaishe ni. Na ɗebi ruwa da moɗar ina sha, sai ta ce, "Mama, don Allah, mi kika gani jikin Gwaggo ranar nan? Ai shekaru sun ja."

Na ce, "Na iske ta da tsabta, na baro ta da tsabta."

Ta dube ni. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi moɗar, ta shanye sauran ruwan da na rage, ba ta ko ɗauraye bakin ba, ta mayar da ita kan ƙusa. Ban roƙe ta komai ba tukuna, amma tun ranar na daina tunanin wanda zai shiga bayan zana idan tawa ta zo. Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya rufa mata asiri a can kamar yadda ta rufa wa mutane a nan.