Rigar Mulikat Ba Ta Son Tsayuwa

Yau shekara tara da rasuwar matata Mulikat, amma idan na rufe ido ba a gadon asibiti nake ganinta ba. A wata masana'antar ɗinki da ke Panyu, a birnin Guangzhou, nake ganinta, tana juyi.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin mu 'yan kasuwar ƙasarmu ba mu da yawa a Guangzhou. Ni ɗan Kano ne mai tura kaya gida, jakata ba ta rabuwa da littattafan soyayya, kullum ina jiran ranar da tawa za ta faɗo. Na je ɗaukar jallabiyoyi sai na tarar da wata Bayarabiya 'yar Sabon Gari tana ta ɗaga murya da mai masana'antar, Madam Lin.

Mulikat ke nan. Riguna ta ba da ɗinki, masu dogayen ƙyallaye da ke lilo tun daga kafaɗa, hawa-hawa, kowanne da jan gefe kamar haƙoran zarto. Madam Lin ta ɗauka mantuwa aka yi aka bar su a sake, sai ta ɗinke su lif a jikin rigar gwaji, ta kafe cewa haka za a yi sauran, ita ba ta fitar da tsumma. Duk yadin da Mulikat ta mallaka yana kan tebur, almakashi na jira.

Mulikat ta juyo gare ni. "Malam, kana jin yarensu?"

Kalma uku na sani. Na ce, "Sosai."

Na gyara tsayuwa na ce, "Laoban," wato shugaba. Madam Lin ta ce, "Meiyou," wato babu. Tafintana ya ƙare.

"Kai dai riƙe min jaka, sarkin yare," in ji Mulikat.

Ta farke ɗinkin da haƙori, ta zura rigar a kan kayanta, ta juya. Ƙyallayen nan suka tashi suka buɗe, ja da shuɗi da ruwan zinare, har iskarsu ta taɓa fuskata. Kekunan ɗinki suka yi tsit. Madam Lin ta ajiye almakashi, ta yi mata alama da yatsa ta sake. Ni kuwa tun a juyin farko na gama yawo.

A tasi, hanyar unguwar Sanyuanli, ta faɗa min asalin abin. A gidansu a Oyo akwai Egungun, dodon da Yarbawa ke tuna magabata da shi, kuma duk shekara kakarta ce ke ƙara wa suturarsa sabon ƙyalle. "Ni salla nake yi, ba na bin dodo," ta ce. "Amma hannun kakata ne. Kayan nan ba a ganin kyansu sai sun motsa."

Yanzu ina ganin irin ɗinkin a waya, daga Legas har Kano, a jikin 'yan mata da ke ƙamewa don a ɗauke su hoto. Da tana nan da ta yi murna, sannan ta daka musu tsawa: "Ku juya mana!"

Bayan rasuwarta na koma Panyu na kai wa Madam Lin labari. Ta tsufa, ta bar wa ɗanta masana'antar. Ta shiga ciki ta fito sanye da rigar gwajin nan, har da sawun haƙoran Mulikat. Ta miƙa min sandarta, ta juya a hankali, ƙyallayen suka tashi.

Allah Ya jiƙan Mulikat.