Hantar Kaltume

Malam Sanda na Hayin Banki tsohon direba ne, amma farauta ce a jininsa. In ya harbi barewa, a daji yake feɗe ta, ya ware cinya da karfata, hantar kuwa ya naɗe a ganye, ta matarsa Kaltume ce.

Bana Kaltume ta kwanta ciwo, ko kunu ba ta iya sha. Da ya dace da barewa, sai ya bar wa abokan farauta naman kaf, ya garzayo gida da hanta, ya gasa da kansa.

Ta ɗanɗana, ta harare shi. "Malam, ka cika gishiri."

"To, warke ki karɓi aikinki mana."

Ta yi murmushi, ta sake miƙo hannu.