Ƙaramin Kwanon da Na Saya wa Maigidana

A lokacin da wannan abu ya faru ni matar aure ce a Wurno, ina ɗinki a cikin gida, maigidana kuma yana fataucin albasa tsakanin garinmu da Goronyo. Mutum ne mai jiki tun asali, amma da shekaru suka ja sai ƙiba ta yi masa yawa, har sujada ta koma yi masa wahala. Da muka je asibiti aka ce jininsa ya hau, ma'aikaciyar lafiya ta ce dole ya rage nauyi, a rage masa abinci. Ta faɗi wasu abubuwan, amma ni ragewar kaɗai na riƙe.

Na sayo ƙaramin kwano na ce da shi zai riƙa ci. Na duba abincin gidanmu, duk wanda na ga yana da nauyi na cire shi: ɗumamen tuwon dawa da safe, dafaffen wake, da furar da yake sha kafin ya fita. Na koma ba shi shayi da burodi, da yamma kuma farar shinkafa daidai cikin kwanon. A tunanina abin da ba ya nauyi a ciki ba zai ƙara nauyi a jiki ba. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Zai cinye, ya yi hamdala, ya sa mini albarka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk sanda aka ɗora shi a ma'auni sai a ga ya ƙaru. Ni kuwa sai in ƙara ragewa. Wata rana ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye, bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba gwaggonsa ta zo daga Taloka ta zauna da ni. Ita ce ta ga kwanon ta tambaye ni na wane yaro ne. Da na ba ta labari, ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta ce, "Ɗiyata, mi kika zuba a nan da zai kai ƙato azahar? Mu ba mu auna abinci da kwano. Tambaya mukan yi, wane lokaci zai kai mutum." Ta ce duk manomi ya san hura da nono tana riƙe shi a gona har rana ta take, wake yakan kai shi la'asar, shayi da burodi kuwa ko hantsi ba su gani. A wannan makon ne matar abokin fataucin maigidana ta zo mini gaisuwa, ta gaya mini cewa kullum da hantsi yunwa kan sa marigayin sayen fanke da lemon kwalba, wani lokaci sau biyu, kuma ya roƙi mijinta kada in ji, don kada in ga wahalata ta tashi a banza.

Maganar gwaggo ta hana ni sakat. Da yake ba fita nake yi ba, sai na fara gwadawa a kaina. Kowace safiya in ci abu ɗaya a cikin kwanon nan, in ɗauki allin ɗinki in yi alama a bango lokacin da yunwa ta dawo. Ran shayi da burodi, tun kafin inuwar zaure ta janye cikina ke kira. Farar shinkafa ta ɗan fi shi. Ɗumame da miyar kuka ya kai ni azahar. Ran da na ci wake da zogale sai da gwaggo ta tuna mini ban ci na rana ba. Kwano ɗaya ne, cika ɗaya, amma alamomin sun yi nisa da juna.

Bayan na fita takaba na koma wurin ma'aikaciyar lafiyar na gaya mata. Ta ce haka abin yake, masana ma suna auna yadda kowane abinci ke riƙe ciki, domin mai ƙiba da aka bar shi da yunwa zai nemi abin da ya fi kusa da hannunsa, wanda yawanci soyayye ne ko mai zaƙi. Ta ce hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, da wake, da ganye, su suka fi taimako, furar ma ba laifi in ba a cika mata sukari ba.

Na san kwana idan ya ƙare babu abincin da ke ƙara shi, kuma ban ce ni na yi ajalinsa ba. Amma na bar bawan Allah da yunwa wata da watanni ina ganin jinya nake yi. 'Yan uwana mata da ke kula da mai ƙiba, ku saurari bayanin asibiti har ƙarshe, abin da bai shige ku ba ku sake tambaya. Kada hamdalar mutum mai kara ta ruɗe ku. Ku zauna ku tambaye shi yaushe yunwa ke dawo masa. Ni ban taɓa tambayar nawa ba, kuma da na tambaya na san zai faɗa mini. Allah ya jiƙansa.