Ranar da Muka Sa wa Santa Takunkumi

Har yau ban manta da ranar da aka aike ni in sa wa mutum mai cikakkiyar lafiya takunkumi ba. Farkon Disamba ne na shekarar 2022, Doha ta cika ta batse da 'yan kallon gasar cin kofin duniya, ni kuma ina shekara ta shida a wani babban otel, ina riƙe da muƙamin sufabaiza a sashen bukukuwa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, don wata rana ku ma za a aike ku.

Ma'aikatan otel kashi biyu ne, 'yan gaba da 'yan baya. 'Yan gaba su ne waɗanda kwastoma ke gani, masu karɓar mutane a kanta da masu buɗe ƙofa. 'Yan baya su ne na kicin da wanki da shara, ƙofarsu daban, lifta ɗinsu daban, kuma doka ta hana su ratsa zauren otel da kayan aiki. Babu takardar da ta ce ga launin da ya dace da gaba. Amma idan ka tsaya a zaure ka duba, sannan ka sauka ƙasan gini ka sake dubawa, ba ka bukatar takarda.

A ƙasan ginin nan Baba Mumuni yake, sashen wanki da guga. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya haura hamsin, ga tumbi ga murya, dariyarsa kuwa tana danne ƙarar injin wanki. Shekara tara yana neman a mayar da shi ƙofar gaba, kullum ana ce masa ya ƙara haƙuri.

Duk Disamba otel ɗinmu kan ajiye Santa a zaure, wato tsohon nan mai jan kaya da farin gemu da ke ba yara kyauta lokacin Kirsimeti, wanda a gida muke ce wa Fada Kirismas. A da wani Bature ake ɗaukowa. Da korona ta zo a 2020 sai tafiye-tafiye suka tsaya, Bature ya maƙale a ƙasarsu, aka umarce ni in bi ma'aikata in nemo tumbin da zai cika rigar. Ban sha wahala ba. Na tsokane shi cewa ga Musulmi zai zama Fada Kirismas, ya ce a Zango tare suke cin shinkafar Kirsimeti da naman layya, in ba shi rigar kawai.

Muka sa masa hula har gira, gemu har ƙirji, takunkumi, tabarau, da farar safar hannu, muka zaunar da shi bayan gilashi. Ko ƙwayar fatarsa ba a gani. Shekara biyu a jere yana wannan aiki, kuma otel bai taɓa yin Santa irinsa ba. Yana gaishe da yara da Larabci da Turanci da guntun Faransanci, har da yaren Filifin da ya tsinta wajen abokan guga. Wata mata ta rubuto mana tana yaba yadda muka yi ɗawainiyar kawo Santa na asali daga ƙasar ƙanƙara a cikin annoba. Manaja ya karanta wasiƙar a taro, aka tafa. A nan ne aka yi wa Baba Mumuni alkawari a gabana cewa idan ya yi na uku, a watan Janairu za a mayar da shi ƙofar gaba.

Kafin a fara gasa gwamnati ta ɗage dokar takunkumi, muka cire gilashi, muka shirya gwajin fitowar Santa. Sabuwar mataimakiyar manaja, wadda muke kira Madam, ta zo dubawa. Baba Mumuni ya fito cikin jan kaya, fuska a buɗe, ya saki dariyar nan tasa. Madam ta yi murmushi irin na wanda ya ciji tsakuwa a shinkafa a gidan surukai, ta ce in same ta a ofis.

Mun yi kusan awa guda a ofishin nan mu huɗu, ni da Madam da wasu manyan otel biyu, kuma wallahi ba wanda ya furta kalmar baƙar fata. An yi maganar abin da iyalai suka saba gani. An yi maganar kada a rikita tunanin yara. Wani ya ce a nemo Bature, aka ce duk Baturen da ke Doha a watan nan ƙwallo ta kawo shi, ba zai zauna a kujera yana ɗaukar 'ya'yan mutane ba. Madam kanta fa ba Baturiya ba ce, amma ban taɓa ganin mai kishin farin Santa kamarta ba. Daga ƙarshe ta samo dabara: a bar masa takunkumi da safa da tabarau, a ce don kare lafiyar yara ne. Sai ta juyo gare ni.

"Sani, kai ka fi jin yarensa. Ka yi masa bayani a hankali. Khalas, magana ta ƙare."

Na same shi yana goge rigar Santa da kansa. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo lafiya, na kawo tsari, na kawo umarnin sama. Ya ajiye dutsen guga ya dube ni.

"Malam Sani, korona ya dawo ne?"

Na ce ba ta dawo ba.

"To ni kaɗai yake nema a Doha duka?"

Na tuna masa da Janairu, na ce kwanaki kaɗan ne, ya daure. Ya karɓi takunkumin ya ci gaba da gugarsa. Kunyar da na ji a ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Abin da Madam da hikimarta ba su hango ba shi ne, a zauren da mutane ke rungumar juna suna waƙar ƙwallo, mutum ɗaya tak ne ke sanye da takunkumi, kuma shi ne ake so a ɗora wa yara a cinya. Iyaye suna hango shi sai su ja hannun 'ya'yansu su canza hanya. Wata uwa ta tare ni tana tambaya ko an yi wa Santa gwajin korona, kuma in ba shi da lafiya me ya hana mu bar shi ya kwanta. Kwana biyu kujerar nan ba ta ga yaro ko biyar ba. Baba Mumuni yana zaune yana zufa, yana ɗaga wa iska hannu.

A rana ta uku da la'asar ya yafito ni. Na zaci ruwa yake so. Sai ya zare safar hannu ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau, ya cire takunkumi, ya ɗora su a tafin hannuna.

"Riƙe mini. In an tambaya, ka ce Santa ya warke."

Wata yarinya mai farin gashi, 'yar shekara biyar haka, ta matso ta tsaya tana ƙare masa kallo, ni kuwa ina jiran rikicewar tunanin da aka yi mana gargaɗi a kai. Ta ja gemun ta ga ko na gaske ne, sannan ta haye cinyarsa ta ce keke take so, mai kwando a gaba. Shi ke nan rikicin. Kafin magariba layi ya kai bakin ƙofa, har da ƙattin magoya baya masu fenti a fuska suna neman hoto.

Ba zan ɓoye muku ba, mutum ɗaya ya kawo ɗansa, da ya iso kusa ya ga fuskar sai ya fitar da shi daga layi, ya je kanta ya rubuta ƙorafi. Mutum ɗaya cikin duk wannan taro. Madam ba ta hana Baba Mumuni ci gaba ba, don ta ga layi, amma takardar mutumin nan ta adana ta da kyau.

A watan Janairu takarda biyu suka iso tebur ɗina. Ta farko gargaɗi ce ga Baba Mumuni, cewa ya cire wani ɓangare na kayan aiki a gaban kwastoma ba da izini ba. A ƙa'idarmu mai takardar gargaɗi ba a canza masa sashe sai ya shekara. Ana bukatar sa hannun sufabaiza don tabbatar da cewa abin ya faru. Ya faru ɗin, a hannuna ma aka ajiye kayan. Na riƙe biro na daɗe, na tuna iyalina da izinin zamana a ƙasar, na sa hannu.

Ta biyu kuwa umarni ce in kafa sabon allo a zaure. Hoton Baba Mumuni ne, ƙato, fuska a buɗe, yarinyar nan a cinyarsa, a ƙasa an rubuta cewa a otel ɗinmu kowane launi gida yake. Madam da kanta ta zaɓi bangon da ya fi haske.

Tunda 'yan baya ba sa ratsa zaure, bai taɓa ganin allon ba. Na ɗauka a waya na kai masa ƙasa, na kuma gaya masa ni na sa hannu a ɗaya takardar. Ya daɗe yana duban hoton, ya miƙo mini wayar.

"Ka gaishe mini da shi. Shi dai ya samu aikin gaba."

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan wariyar launin fata ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta kai saƙonta da kanta, sai ta nemi mai kama da kai ta aiko shi. Don haka duk ranar da aka kira ɗayanku ofis aka ce shi ya fi jin yaren wane, ya ce a rubuta masa saƙon da dalilinsa a takarda, a sa hannu. Ba za su rubuta ba. Ni ban tambaya ba, kuma har na bar otel ɗin Baba Mumuni yana ƙasa yana guga.